Yaron Kance da kalangun cikin kwamfuta

An daɗe ana wani kuka a tarurrukan ƙungiyoyinmu na raya al'adu, daga Damagaram har Matamaye, wai kiɗan kwamfuta ya kashe kiɗan iyaye. Da zarar an ambaci saurayin da ke haɗa kiɗan rawa a ɗakin soro, sai ka ga malamai sun yamutse fuska, kamar an kawo mushe cikin majalisa. Ni kam ban yarda da wannan kuka ba, kuma ina ganin masu yin sa suna da hannu dumu-dumu cikin ɓarnar da suke kokawa a kai.

Da farko dai, kiɗan lantarki ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1978 Mamman Sani Abdullahi ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a Yamai da wata ogan ƴar Italiya, kuma shekara da shekaru ƴan ƙasa suna jin sautinsa tsakanin shirye-shirye ba tare da wani ya ce al'ada ta mutu ba. Amma sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da faifan a 2013 sannan da yawa daga cikinmu suka tuna da shi. Abin kunya, an ce da kare ana biki a gidansu! Haka Hama, wani ɗan Yamai, ya juya waƙoƙin Sahara da na'urar Yamaha, faifansa Houmeissa ya fito a 2019, ana saurarensa a Turai. Makarantu nawa ne a jihar Damagaram suka taɓa sanya wa ɗalibai shi?

To, mu dawo kan yaron Kance mai son farawa. Abin da yake bukata bai taka kara ya karya ba: tsohuwar kwamfuta, abin sauraro na kunne, da manhaja irin FL Studio, wadda wani kamfanin Beljiyam ya ƙera, aka fara saninta da sunan FruityLoops. Wannan duk zai samu, ko da aro ne, kuma abokai za su nuna masa inda ake latsawa cikin mako guda. Matsalar tana wani wuri dabam. Idan ya buɗe manhajar, jerin gidaje 16 zai tarar, an raba su huɗu-huɗu, ma'aunin rawar gidajen dare na Shikago da Balin ke nan. Yawancin kiɗanmu kuwa uku-uku yake tafiya, kuma kalangu magana yake yi: makaɗi na matse tsirkiya a hammata, sauti ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa, har mai kunne ya gane sunan wanda ake yi wa kirari. Yaron da ba a taɓa zaunar da shi gaban makaɗi ba zai cusa wannan duka cikin gidaje 16, ya danna umurnin da ke daidaita kowane bugu a kan layi, ya fito da wani abu sanƙararre mai kama da na kowa. Alhali manhajar kanta tana ba da dama a mai da gidajen 12, a kuma bar bugu inda hannun mutum ya sa shi. Wa zai gaya masa? Wanda ya san kiɗan bai san na'ura ba, wanda ya san na'ura bai san kiɗan ba, mu kuma da ya kamata mu haɗa su muna can muna tsaki.

Akwai ƙorafi ɗaya da na karɓa, domin gaskiya ne: lasifika ta ƙwace wa makaɗa abinci a bukukuwan aure da suna. An ga irin haka a Bamako, inda na'ura ta maye gurbin masu balafon a shagulgulan unguwa. Sai dai samarin can sun ɗauki sautin balafon ɗin suka gina salon da ake kira Balani Show a kansa. A nan ma hanyar ke nan, da sharaɗi guda: wanda aka naɗi bugun hannunsa a biya shi, a kuma ambaci sunansa. Ɗaukar kiɗan dattijo a waya a tafi a yi kuɗi da shi sata ce, ko da sunan raya al'ada aka yi ta.

Marigayi Mamman Barka, ɗan Taskar, malamin makaranta ne kamar yawancin masu karanta wannan shafi. Da ya ga biram na Buduma na shirin ɓacewa, tattaki ya yi zuwa tafkin Cadi ya durƙusa gaban Bukar Tar ya koya. Mu ba ma bukatar tafiya mai nisa haka. Makaɗan fadar Kance suna nan, masu kiɗan ƙwarya suna cikin gidaje, ɗakunan aji kuma a kulle suke kowace Asabar da yamma. Ƙungiyar da ke iya kashe kuɗi wajen buga riguna da hayar kujeru ranar biki, tana iya sayen kwamfuta guda da faifan hasken rana, ta gayyato mai kalangu ɗaya da yara biyar, ta ba maigadi mabuɗin aji.