RA'AYINMU: Asirin Fagen Fama Daban, Asirin Ciniki Daban

A watan Nuwamba na shekarar 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar Masana'antar Ƙera Makamai ta Ƙasa, watau DICON da ke Kaduna, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1964. Dokar ta buɗe ƙofa ga kamfanonin gida da na waje su haɗa hannu da masana'antar. Tun daga lokacin ake ta kiran 'yan jarida bikin sa hannu a kan yarjejeniya, a ɗauki hoto, a ci abinci, a watse. A ganinmu, in aikin ɗan jarida ya tsaya a nan, to ya ci amanar masu karanta shi.

Wannan magana ta fi shafar mutanen Barno fiye da kowa. Duk wanda ya san Kasuwar Shanu ta Maiduguri ya san cewa arzikinta yana bisa hanya ne. Daga Cadi da Kamaru da Nijar dabbobi ke shigowa, ta Gamboru Ngala da Dikwa da Monguno, sa'an nan a loda su a manyan motoci zuwa Ikko da sauran biranen Kudu. Ranar da hanya ta rufe, dillali da mahauci da direba da yaron mota duk sun shiga uku. A shekarar 2016 ma sai da Gwamnatin Jihar ta dakatar da ciniki a wasu kasuwannin dabbobi, bisa hujjar cewa 'yan Boko Haram na shigo da shanun sata suna samun kuɗin guzuri. Saboda haka ko motar sulken da aka saya tana tashi ko ba ta tashi, ko bindigar soja tana da harsashi ko babu, magana ce ta tuwon waɗannan bayin Allah.

Su kuwa mutanen wannan kasuwa suna da wata al'ada da ya kamata manema labarai su koya. Ba mai biyan kuɗin sa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa. An san mai dabba, an san dillali, an san la'adarsa, kuma a gaban shaidu ake sallamawa. Amma da an zo sayen jirgin yaƙi da dukiyar jama'a, sai a ce mana asirin tsaro ne, mu yi cinikin biri a sama.

Ba mu musun cewa yaƙi yana da asiri. Ran 6 ga watan Janairu na 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin jaridar Daily Trust a Maiduguri da Abuja, suka tafi da ma'aikata, domin ta buga labarin shirin ƙwato garin Baga. Hanyar da aka bi ba ta dace ba ko kaɗan, shi ya sa fadar Shugaban Ƙasa ta ba da umurnin a janye. Duk da haka, kowane edita mai hankali ya san cewa bayyana inda runduna za ta nufa da ranar da za ta tashi na iya jawo asarar rayuka. Wannan asiri ne na gaskiya, kuma wajibinmu ne mu kiyaye shi. Amma fa kuɗin da aka biya, da sunan kamfanin da ya karɓa, da ɗan tsakiyar da ya ci la'ada, ba su taimaki maƙiyi da kome ba in an sani. Ɓarawo kaɗai ɓoye su yake amfana.

Mun ga abin da ɓoyon ya haifar. A watan Satumba na 2014 hukumomin Afirka ta Kudu suka kama dala miliyan 9.3 tsaba a cikin wani jirgin sama, aka ce na sayen makamai ne. A watan Disamba na wannan shekara kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi, alhali kukansu shi ne ba su da kayan faɗa. Daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗauri. A 2015 sai ga binciken gwamnati yana zargin cewa dala biliyan 2.1 na makamai sun bi wata hanya ta ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, Kanar Sambo Dasuki, wanda ya musanta zargin. Ina 'yan jarida suke lokacin da ake fitar da kuɗin? Kaɗan ne suka yi tambaya, su ma aka ce suna karya zuciyar soja. Gwamnatin da ta biyo baya ma, a 2018, ta ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur ta biya jiragen Super Tucano 12, sa'an nan ta rubuta wa Majalisar Ƙasa tana neman amincewa. Ba hali ne na jam'iyya guda ba, kuma ba za mu kau da kai ba ko da tamu ce ta aikata.

Labarin waɗannan jirage yana da wani abin takaici. Kamfanin Embraer na ƙasar Birazil da ya ƙirƙiro su an kafa shi a 1969, shekara biyar bayan DICON, wadda kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina mana. Su sun kai ga sayar wa duniya jiragen sama, mu kuwa an yi zamanin da ake yi wa tamu ba'a cewa ta koma ƙera kujeru. Shirin ƙera motocin sulke a Bauchi tare da kamfanin Steyr shi ma bai kai inda aka yi zato ba. Da a ce tun farko akwai masu bin diddigi suna tambaya kowace shekara ina aka kwana, da wuya a yi wannan dogon barci.

To, laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin masu ɗauko labarin soja ba su iya bambanta tankar yaƙi da motar ɗaukar sojoji ba. Takardar da kakakin runduna ya miƙa musu, ita za su kwafe, wani lokaci da ɗan abin goro a cikin ambulan. Wanda aka nuna masa mota aka ce ƙirar gida ce, kamar motar sulke ta Ezugwu da aka ƙaddamar a Kaduna a 2019, hakkinsa ne ya tambaya wane sashe aka ƙera a nan, wane aka shigo da shi aka ɗaura. In ta lalace a Damasak, daga ina kayan gyara za su zo, kuma cikin kwana nawa? 'Ya'yanmu nawa abokin haɗin gwiwar ya koya wa aikin? Haka kuma bayan abin da ya faru a Rann a 2017 da Tudun Biri a 2023, inda bom ɗin sojanmu ya faɗa kan farar hula, tilas a tambayi irin horon masu sarrafa jirage, musamman marasa matuƙi, da wanda ke ba da izinin harbi.

Doka ma tana buƙatar gyara. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro sai da yardar Shugaban Ƙasa, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ita ma ta bar wa hukuma ƙofar fakewa da tsaro, ga kuma dokar asirin gwamnati ta 1962 tana nan. Muna kira ga Majalisar Ƙasa ta fayyace a rubuce abin da yake asirin fagen fama, ta tilasta a bayyana kuɗi da sunan kamfani na kowace kwangilar makamai bayan an kawo kayan. Masu gidajen jarida kuma su ware wakilai na musamman, su tura su koyon sanin makamai da karatun kasafin kuɗi, su biya musu kuɗin tafiya don kada su dogara ga motar wanda za su bincika. Abin da aka gano kuwa a buga shi da Hausa da Barbarci, yadda za a karanta shi a rumfunan Kasuwar Shanu.