KWAMFUTA TA ƘI TASHI: A CECI TAKARDU KAFIN A GOGE

Duk wanda ya saba bi ta Garejin Television, a kudancin kogin Kaduna, inda ake lodin motocin Kachia da Kafanchan, ya san abin da direba yakan yi idan motarsa ta ƙi tashi da safe. Ba ya kiran 'yan gwangwan su yi mata kuɗi, ba ya kuma zubar da kayan fasinja a kwata. Batir yake arowa wurin abokin sana'arsa, a jona, a tayar da mota, sa'an nan a tsaya a duba inda cutar take. Abin mamaki shi ne, wannan hankali da direba yake da shi, mu da muke taƙama da boko mun rasa shi game da kwamfuta. Da zarar ta ƙi tashi, sai mu rungume ta zuwa shagon mai gyara, shi kuwa kalma ɗaya ce a bakinsa, watau fomat. A share kome da kome, a zuba sabuwar manhaja, a biya, a tafi.

Manufar wannan rubutu ita ce jawo hankalin ma'aikatan gwamnati da ɗalibai ga cewa yawancin wannan sharewa ɓarna ce, kuma akwai hanya mai sauƙi ta kauce mata, wadda ya kamata kowane ofis da kowace makaranta su tanada tun kafin ranar buƙata.

Unguwar Television da maƙwabtanta, irin su Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha, cike suke da ma'aikata da 'yan makaranta. A Barnawa akwai reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma ba a ƙare karatu a can, ko a Jami'ar Jihar Kaduna, sai an rubuta kundi. Tun daga shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. A ofisoshi kuwa, jerin albashi da wasiƙun hukuma da lissafin kuɗi sun bar kabad sun koma cikin na'ura. Saboda haka idan aka share kwamfutar akawu, ko ta ɗalibin da ya rage masa mako biyu ya miƙa kundinsa, aikin watanni ne aka ƙona, wani lokaci ma na shekaru.

Domin a gane inda kuskuren yake, sai an san yadda kwamfuta take tashi. Idan aka kunna ta, wata 'yar ƙaramar manhaja da ke zaune a cikin allon na'urar ita ce take fara farkawa. A tsofaffin na'urori ana kiranta BIOS, a sababbi kuwa UEFI. Aikinta shi ne ta duba ƙwaƙwalwa da sauran sassa, sa'an nan ta nemi babbar manhaja, kamar Windows, a cikin rumbun ajiya na ciki, ta miƙa mata ragama. To, sau da yawa abin da yakan lalace 'yan fayiloli ne ƙalilan na wannan miƙa ragama, sanadin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta manhaja, ko ƙwayar cuta, ko kashe na'ura da ƙarfi. Takardun mai ita suna nan a cikin rumbu lafiya lau. Ƙofa ce ta cije, kayan ɗaki ba abin da ya same su. Wanda ya yi fomat a wannan hali, kamar mutumin da makullinsa ya karye ne, ya cinna wa ɗakin wuta don ya gina sabo.

Amma ita wannan 'yar manhaja ta farko ba dole ba ne ta nemi shugabanta a rumbun ciki. Ana iya umurtarta ta nema a waje. Wannan kuwa daɗaɗɗen abu ne, gama kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 daga faifan da ake zurawa take tashi. A shekarar 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fito da Knoppix, babbar manhaja cikakkiya wadda take gudana daga faifan CD ba tare da ta taɓa rumbun ciki ba. Yau filash ne ya gaje wannan aiki. Manhajar Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fara rabawa a 2004, kyauta ce, kuma halal ne kowa ya kwafe ta.

Yadda ake yi ba ya gagarar wanda ya iya buga wasiƙa. Ana samun filash wanda babu kome a ciki, domin shirin zai share abin da ya tarar. Kamfanin Microsoft ya ce nasa shirin yana bukatar aƙalla gigabayit 8. Mai 16 ya fi ba da kwanciyar hankali. A kan wata kwamfuta mai lafiya sai a sauko da manhajar daga gidan masu ita, a rubuta ta cikin filash da wani ɗan shiri irin su Rufus. Ran da kwamfuta ta ƙi tashi, sai a soka filash, a kunna, a yi ta danna maɓallin zaɓi: F12 a yawancin na'urorin Dell da Lenovo, F9 a na HP. Jeri zai fito, a zaɓi filash. Idan Ubuntu ne, za ta ba da zaɓi biyu, gwadawa ko girkawa. A nan fa sai a yi hattara, a ɗauki gwadawa, domin girkawa tana iya share rumbun da aka zo ceto. Da na'ura ta tashi, sai a buɗe rumbun ciki, a kwashe takardu zuwa wani ma'aji dabam. Bayan haka ne kaɗai ya dace a yi maganar gyara ko fomat.

Kada wani ya ɗauka wannan dabarar ƙananan shaguna ce. Ranar Juma'a, 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya aika da wani sabuntawa mai kuskure, na'urori suka dinga nuna shuɗin allo suna mutuwa. Microsoft ya ƙiyasta cewa kimanin kwamfutoci miliyan 8.5 abin ya shafa. Jiragen sama suka tsaya, asibitoci da bankuna suka rikice a ƙasashe da dama. Maganin kuwa ɗan ƙarami ne, share fayil mai kuskuren, amma na'urar da ba ta tashi ba, ba ta karɓar magani ta intanet. Dole injiniyoyi suka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma cikin kayan aikin da Microsoft ya fitar domin wannan ceto har da shirin haɗa filash na tayar da kwamfuta. Idan manyan kamfanonin duniya sun koma ga filash ranar da ta ɓaci, ina dalilin da ofishin ƙaramar hukuma zai raina shi? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Za a ce, ai masu gyara ba mugaye ba ne, kuma gaskiya ne. Fomat ya fi sauri, kuɗinsa sananne ne, ga janareta yana shan mai, ga mai kaya yana tsaye yana gaggawa. Kwashe takardu kuwa yakan ci sa'o'i, ba kuma kowa yake yarda ya biya ladansa ba. Ashe laifin na kowa ne. Mai kaya ya koyi tambaya ɗaya kafin ya saki na'urarsa: shin an tayar da ita daga waje an ga halin da takarduna suke ciki? Ya kuma yarda ya biya wannan aiki dabam. Mai gyara shi ma ya san cewa share dukiyar mutum ba da cikakken saninsa ba cin amana ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar wannan dabara. Idan rumbun ciki ne da kansa ya mutu, ko yana wani ƙas-ƙas idan an kunna, filash ba zai raya shi ba, yawan kunnawa ma ƙara masa rauni yake yi. Maganin wannan ɗaya ne, watau ajiye kwafin takardu a wuri na biyu tun ana lafiya. Ɗalibin da kundinsa yake wuri ɗaya tak, ya sani da ƙaddara yake caca.

Akwai kuma wata fuska da ta fi shafar ma'aikata. Makullin da ya buɗe wa mai gida, shi ne zai buɗe wa ɓarawo. Wanda ya tayar da kwamfuta daga filash ya tsallake kalmar sirrin Windows, yana iya karanta duk abin da ke rumbu, muddin ba a kulle rumbun da tsari irin BitLocker ba. Idan kuwa an kulle, to mai ita ma ba zai shiga ba sai da lambar ceto mai alƙaluma 48, kuma a rikicin 2024 wuraren da ba su iya kai hannu ga lambobinsu ba sun fi shan wuya. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su daga ɓata da kuma faɗawa hannun da bai dace ba. Jami'in da ya ɗauki kwamfutar ofis mai ɗauke da sunaye da albashin mutane ya bar ta kwana biyu a shagon bakin titi, ya yi sakaci ta fuska biyu.

Saboda haka shawararmu ga shugabannin ma'aikatu ita ce, kowane sashe ya mallaki filash na ceto guda biyu, a rubuta su a littafin kayan ofis, a kulle a kabad tare da lambobin ceto a rubuce bisa takarda, a hannun jami'i sananne. A riƙa gwada su lokaci lokaci, kamar yadda ake duba tukunyar kashe gobara. A kafa doka cewa ba za a yi wa kwamfutar gwamnati fomat ba sai da izini a rubuce, bayan an tabbatar an kwashe abin da ke ciki. Makarantu kuwa, da yake darasin kwamfuta yana cikin manhajar karatu, su ware masa awa biyu a ɗakin gwaji, kowane ɗalibi ya tayar da na'ura daga filash da hannunsa, maimakon haddace sunayen sassanta a allo. Ƙungiyoyin masu gyara na Television da kewaye su ma su mayar da kwashe takardu ƙa'idar sana'a.

Kuɗin wannan tanadi bai taka kara ya karya ba, abin da yake bukata shi ne a yi shi yau, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanninmu ikon dubawa, ya tsare mana amanar da ke hannunmu, amin.