Bisharar Wayar Hannu a Gaban Ƙurar Sunke

Akwai wani irin wa'azin Kirista da ya mamaye wayoyinmu a 'yan shekarun nan. Bidiyo ne na minti ɗaya a TikTok ko Facebook: mai wa'azi cikin kwat mai sheƙi, kiɗa na tashi a bayansa, ya fizgo rabin aya, sannan ya umarci mai kallo ya rubuta "Amin" domin arzikinsa ya buɗe kafin ƙarshen wata. Saƙon kullum guda ne. Wanda Allah yake ƙauna zai sami dukiya da lafiya, wanda talauci ko ciwo ya kayar kuwa bangaskiyarsa ce ta gaza. Ana kiran wannan koyarwa bisharar wadata. A Amurka ta yi ƙarfi ta bakin irin su Oral Roberts da Kenneth Hagin, Benson Idahosa na birnin Benin kuma yana cikin waɗanda suka yaɗa ta a Nijeriya. Ni Kirista ne, Bahaushe, ɗan yammacin Zamfara, kuma ina cewa wannan karatu cin amanar Littafi Mai Tsarki ne. Wanda yake musu, ya zo mu auna shi a Sunke.

A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Sunke tana ciki, tare da Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma. Ruwa ba ya tsami banza. Duwatsun zinariyar da ake haƙowa suna ɗauke da dalma, ana kawo su cikin gidaje a daka, a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu. Abin da ya tsayar da annobar shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, da maganin da yake fitar da gubar daga jini.

To, mai bisharar wadata, me za ka faɗa wa uwar da ta binne ɗanta a can? Idan ciwo shaidar ƙarancin bangaskiya ne, wane zunubi jaririn wata goma ya yi? Na sha jin wasu, da ba su taɓa taka Anka ba, suna cewa gubar da 'yan bindigar da suka biyo baya hukunci ne a kan ƙasar da ba ta karɓi bishara ba. Yesu da kansa ya rufe wannan ƙofa. A Luka sura 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mazauna Urushalima laifi. A Yahaya sura 9 almajiransa suka nemi sanin ko makahon nan ne ya yi zunubi ko iyayensa. Ya kore duka biyun, sannan ya warkar da shi.

Ayoyin da ake yawo da su ma, an yanke su ne daga gindinsu. Haggai 2:8, mai cewa azurfa da zinariya mallakar Ubangiji ne, an faɗe ta ga mutanen da suka komo daga bautar Babila, a shekara ta biyu ta sarautar Dariyus, don su ƙarfafa su sake gina Haikali. Babu alkawarin mota a cikinta. Aya ta biyu ta wasiƙar Yahaya ta uku, wadda ake ɗaura wa dukan koyarwar, gaisuwa ce ga wani mutum mai suna Gayus, irin fatan alherin da kowane Bahaushe yake buɗe wasiƙa da shi.

Za a ce mini ai Maimaitawar Shari'a sura 28 ta haɗa biyayya da albarka, kuma an ninka wa Ayuba dukiyarsa a ƙarshe. Gaskiya ne. Amma littafin Ayuba an gina shi ne don ya hana a mai da wannan alkawari sikelin auna mutane. Elifaz, Bildad da Zofar sun kwashe surori suna nace wa Ayuba cewa wahalarsa sakamakon laifi ce, a sura 42 kuwa su Allah ya yi fushi da su. Sura 28 ta littafin kamar da mutanen Anka aka rubuta ta: ta siffanta mahaƙa suna kutsawa cikin duhun rami suna neman zinariya, sannan ta ce hikima ba ta sayuwa da abin da suka tono. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan mutanen Sunke, sun san haƙurin Annabi Ayuba sarai. Abin kunya ne a ce mu da muke riƙe da surori 42 na labarinsa mun koma wa'azin abokansa.

Ba na zargin talakan da yake danna "Amin". Yunwa da tsoro ne suka kai shi, kamar yadda suka kai mahaƙin Sunke cikin rami. Zargina yana kan wanda ya san sauran surar ya ɓoye ta, domin rabin aya ya fi tara baiko.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekara da shekaru. An fassara shi ne don manomi ya karanta da kansa, ya kama mai wa'azi idan ya karkace. Saboda haka ina kira ga matasa 'yan'uwana: kafin ku tura bidiyo gaba, ku buɗe surar, ku karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, ku tambayi wa aka faɗa wa, kuma a wane hali. Ku kuma, iyayenmu fastoci na Gusau, Gummi da Zuru, ku koya wa jama'a wannan karatu daga bagade. Duk fassarar da ba za a iya furta ta a gaban iyayen yaran Sunke ba, bai kamata a furta ta a majami'a ba.