Daga Bakin Asusu: Kaskon ruwa a gindin gawo

 

Bazara ta kankama. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, tabkuna sun ƙafe ƙaf. Ƙungiyoyinmu da yawa suna da filin da suka killace, aka yi masa rabin wata da tassa, aka bar gawo da kalgo da sabara su tofo. Itace ya dawo, kurciya da fakara da cilakowa sun biyo shi. Amma tsuntsu ba ya zama inda babu ruwan sha.

Wata za ta ce: "Mu da muke kwana a bakin rijiya, wa ke ta tsuntsu?" Gaskiyarta. Sai dai mu tuna, da yawa cikin tsuntsayen nan fara da tsutsa suke ci, kuma da su suke ciyar da ƴaƴansu. In sun gudu da rani, gonar ta rasa masu gadi da damina. Kashinsu ma yana ɗauke da irin itace zuwa wurin da hannunmu bai kai ba.

Aikin bai fi lita 2 a rana ba. Ga yadda muke yi:

A samu tsohon kasko ko fasasshen tulu marar zurfi, ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu. A jefa duwatsu ciki don ƙananan tsuntsaye su samu wurin tsayawa, kada su nutse. A aje shi a inuwa, nesa da duhuwar da kyanwa za ta laɓe, nesa kuma da kajin gida saboda cuta. A zubar da na ciki a wanke kasko duk bayan kwana 2, kada sauro ya yi ƙwai. Ban da ruwan sabulu ko omo.

Ranar zubi sai a raba kwanaki, kowace mace da ranarta, a rubuta a bayan littafin asusu. In shamuwa ta iso, ruwa ya sauka, sai a kife kasake har wata bazarar.

Malamai sun sha gaya mana mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. To, ga lada a gindin gawo. Allah ya kai mu damina lafiya.