Suna cin rani a wurinmu, wasu ke ƙirga su

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ta kankama a nan manoma na sharar gona suna duban gabas, akwai mutanen da ke hawa tsaunukan bakin tekun Bahar Rum tun da safe, riƙe da madubin hangen nesa da takarda, ba sa saukowa sai yamma. Aikinsu shi ne ƙirga shaho da shirwa da gaggafa da ungulu masu komawa Turai da Asiya don yin sheƙa bayan sun ci rani a Afirka. Wanda ya ji wannan a karon farko zai ce aikin masu ƙoshi ne. Ni kuwa ina ganin aiki ne da ya cancanci lokaci da kuɗin da yake ci, kuma babban giɓinsa a ɓangarenmu yake, domin mu da tsuntsayen nan ke shafe kusan rabin shekara a dazuzzukanmu kaɗan muke rubutawa a kansu.

Abin da ya sa ƙidayar ke yiwuwa shi ne yadda Allah ya halicci waɗannan tsuntsaye. Manyan masu farauta ba sa iya doguwar tafiya da kaɗa fiffike, nauyinsu ya yi yawa. Sai rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi sama, su buɗe fikafikai su bi ta suna kewaye har su yi nisa, sannan su sulale zuwa inda wata iskar ke tashi. Teku ba ta ba da irin wannan iska sosai, shi ya sa suke gudun ta, suna cunkushewa a inda ruwa ya tsuke. Tsakanin Maroko da Sifaniya, a mashigin Jibralta, kilomita 14 ne kawai. Tsakanin tsibirin Sisili da sauran Italiya, a Mesina, wajen kilomita 3 ne. A Eilat, can ƙarshen Bahar Maliya, an ƙirga fiye da miliyan ɗaya a bazarar 1985 kaɗai. Tsuntsayen da suka bazu a faɗin nahiya guda, ba mai iya bin su, sai ga su sun taru a sararin da mutum goma za su iya sa wa ido.

Ƙidayar bazara ta fi ta kaka shafar mu. A kaka ana ƙirga masu fitowa daga Turai, iyaye da 'ya'yan bana, wato labarin yadda sheƙa ta yi. A bazara kuwa waɗanda suka tsira ake ƙirgawa, kamar makiyayin da ke tsayawa bakin garke da yamma ya ga nawa suka dawo. Lambar da aka rubuta a Jibralta ko Mesina labari ne na abin da fari, da sare itatuwa, da maganin ƙwari, da bindiga suka yi a wannan gefen na Sahara. Tsayuwar mai ƙirgawa kanta tana kare rai. A Mesina, maharba sun daɗe suna kakkaɓo wani shaho mai cin 'ya'yan rina da zuma, wanda ke dawowa daga Afirka a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, har da camfin cewa wanda bai harbo ɗaya ba matarsa za ta ci amanarsa. Wata yarinya mai suna Anna Giordano ta fara yaƙi da wannan ɗabi'a a 1981 tana da shekara 15, aka ƙona mata mota a 1986, ba ta fasa ba. Masu sa kai suka riƙa zuwa kowace bazara suna ƙirgawa suna kai rahoto ga hukuma, kisan ya ragu daga dubbai a shekara zuwa ɗaruruwa.

Za a ce lambobin ba su da tabbas, kuma akwai gaskiya a ciki. Iska na iya karkatar da garke zuwa wani kwari, hazo na iya rufe shi, idon wani ya fi na wani. Sai dai ba wanda ke neman adadin tsuntsayen duniya daga wannan aiki. Abin da ake nema shi ne inda al'amari ya dosa, kuma wannan yana fitowa ne idan an tsaya wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, da tsari ɗaya, shekara bayan shekara. A dutsen Hawk Mountain da ke jihar Pensilbaniya a Amurka an fara ƙirgawa tun 1934, ko da yake babbar ƙidayarsu ta kaka ce. Littattafan wurin ne suka nuna 'yan gaggafa masu tasowa suna raguwa, marubuciya Rachel Carson ta kafa hujja da su kan illar maganin ƙwari a littafinta na 1962, kuma a 1972 Amurka ta hana amfani da maganin DDT a gonaki. Waɗanda suka cika takardun farko ba su san ranar da za a buƙace su ba.

Wasu kuma na cewa tunda yanzu ana ɗaura wa tsuntsu na'ura tauraron ɗan'adam ya bi shi, me ya rage wa ido? Na'urar tana da tsada, tsuntsaye kaɗan ake ɗaura wa, tana nuna hanya amma ba ta nuna yawa. Abin da ido ya gano a yankinmu kuwa mai tayar da hankali ne. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin su a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun kusan ƙarewa a wajen gandayen da ake tsaro. Wani nazari da aka buga a 2024 ya duba nau'i 42 a Afirka, ya sami 37 suna raguwa, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi muni. Duk wanda ya san kwata a da ya san ungulu ta ɓace. Abin kunya shi ne sai da baƙo ya zo da alƙalami muka sami shaidar da za a ajiye gaban hukuma.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na wanda zai ce ana fama da yunwa da rashin tsaro, kuma shirwar nan ita ke sure masa 'yan tsaki. Ba a musun asarar mai kaji. Amma da yawa cikin baƙin nan fara suke ci. A 2007 an gano wani makwanci kusa da Kawlak a Senegal mai ɗauke da ƙananan shaho fiye da 28,000, waɗanda fara ce babban abincinsu. Manomin gero da ke sayen maganin feshi da tsada yana da ruwa da tsaki a ƙaruwarsu ko raguwarsu.

Gaskiya ne ba mu da mashigi irin na Jibralta, domin tsuntsayen na ƙetare Sahara ne a warwatse. Amma muna da makwantai, da fadamun Haɗeja da Nguru, da titunan da za a iya bi kowace shekara kamar yadda Thiollay ya yi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma duba sama ba baƙon abu ba ne ga mutanen da ke gane ƙaratowar damina da zuwan shamuwa. Ya kamata sassan nazarin halittu na jami'o'in Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram kowanne ya ɗauki hanya ɗaya ko makwanci ɗaya, ya tura ɗalibai su ƙirga a kowane watan Maris, kuma a sa kuɗin aikin cikin kasafin sashe yadda ba zai mutu ba idan malamin da ya fara shi ya yi ritaya.