Abin Da Ke Tsare Mata Ga Barin Aikin Albashi

Zuwa ga Edita. Ina roƙon ka ba ni ɗan filin da ka saba ba ni, in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna magana a kan matanmu da aiki.

Sau da yawa akan ce matan ƙasar nan ba su son aiki. Ni ban yarda ba. Wadda ta tashi tun asuba ta yi ƙosai ko ƙuli-ƙuli ta ba yaro ya kai talla, ai aiki take yi, sai dai sunanta ba ya cikin littafin albashi. Inda suka yi ƙaranci shi ne asibiti da makaranta da ofis. Hasarar kuwa a kanmu take komawa, gama mutum nawa ne suka ƙi kai matansu haihuwa asibiti don babu ungozoma ko likita mace?

Ruwa ba ya tsami banza. Ku dubi Saudiyya, ƙasar da alhazanmu suka sani. A 2016 hukumarsu ta tsara shirin da ta kira Burin 2030, ta ce tana so matan da ke cikin aiki su tashi daga kashi 22 cikin ɗari zuwa kashi 30. Ba ta tsaya ga wa'azi ba, sai ta bi abubuwan da ke tare musu hanya ɗaya bayan ɗaya. A watan Yuni na 2018 aka ba mata izinin tuƙa mota. A 2019 aka gyara dokar aiki, aka hana korar mace don tana da ciki ko tana hutun haihuwa. Aka kuma kafa wani tsari mai suna Wusool mai rage wa ma'aikaciya kuɗin mota, da wani mai suna Qurrah mai taimakonta da kuɗin gidan reno. Kafin 2023 adadin ya zarce kashi 30 ɗin, tun wa'adi bai zo ba.

To, mu fa? Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai jego hutun mako 12, ta ce kada a biya ta ƙasa da rabin albashi. Jaririn wata uku wa za a bar wa shi? Malamar da aka tura ƙauye, ba ɗakin kwana, ba mai reno, mijinta yana birni, me zai hana ta ajiye alli? Shi ke nan kuɗin da aka kashe wajen koyar da ita ya tafi a banza.

Shawarata uku ce. A tsawaita hutun jego zuwa wata shida da cikakken albashi, kamar yadda Jihar Legas ta yi wa ma'aikatanta a 2014. A keɓe ɗakin reno a kowace babbar makaranta da asibiti. Wadda aka tura ƙauye kuma a ba ta masauki mai katanga, yadda mijinta da iyayenta za su natsu.

Ku kuma malamai, ku ne mutane ke jin maganarku. In uba ya zo shawara a kan 'yarsa da ke son karatun ungozoma, ku tuna masa cewa wata rana matarsa ko ƙanwarsa za ta bukaci hannun mace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa mu gane. Haza wasalam.

Naku, Akawu.