LAFIYA UWAR JIKI: Injin tsotsar miki ba ya aiki shi kaɗai

Duk wanda ya san babbar hanyar da ta ratsa Kore Mairuwa da Dogondutsi ya san irin raunukan da haɗarin mota da na kabu-kabu suke bari. Ga kuma gyambon ciwon sukari, wanda yake zaunar da magidanci daga Matankari har Tibiri, damina ta wuce bai taɓa hauya ba.

Domin irin waɗannan miyaku ne likita Louis Argenta da abokin aikinsa Michael Morykwas, na jami'ar Wake Forest a Amurka, suka bayyana wata dabara a 1997. Ana cusa soso cikin mikin, a rufe da leda mai manne wadda iska ba ta shiga, sannan a haɗa da injin da yake tsotsa dare da rana, galibi da ƙarfin milimita 125 na ma'aunin hawan jini. Ruwan miki ya fita, kumburi ya sauka, sabuwar tsoka ta tofo.

Amma nauyin yana kan ma'aikacin jinya. Shi ne zai tabbatar an kankare mataccen nama tukuna. Ba a ɗora soson a kan jijiyar jini da take a buɗe, ko mikin ciwon daji, ko ƙashin da ya kamu da ƙwayar cuta ba a yi maganinsa ba. Yana canza soso bayan kwana 2 ko 3, yana ƙirga guntayen da ya sa da waɗanda ya fitar, kar ɗaya ya ɓuya ya ruɓe. In ya ga jan jini yana cika kwalba, ya kashe injin nan take ya kira likita. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar majinyata, yawanci saboda zubar jini.

Sai maganar wuta. Ƙa'ida ita ce, in injin ya tsaya fiye da awa 2, a cire soson a koma ɗaurin miki na yau da kullum. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta.

Saboda haka muna kira ga hukumomin kiwon lafiya na jihar Doso: kafin a yi maganar sayen inji, a horar da ma'aikatan jinya, a tanadi wutar hasken rana da isasshen soso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.